Yadda Ake Sake Wayoyin Lantarki da Gyaran Cikin Tsohuwar Mota: Misalin Pijo 504

Na sake wayoyin tsofaffin motoci da dama, kuma mafi yawansu Pijo 504 ne, wadda kamfanin Pijo na Najeriya, wato PAN, ya fara harhaɗawa a Kakuri ta Kaduna tun 1975. Har yau akwai masu sayo irinta daga inda aka daɗe da jingine ta domin su farfaɗo da ita a hankali, gwargwadon abin da aljihu ya bari. Irin wannan mota injinta kan tashi ba da wata wahala ba, amma wayoyinta sun sha zafin rana na shekaru masu yawa, ɓeraye sun taɓa wasu, sannan kowane mai gyara da ta bi ta hannunsa ya bar nasa ɗaurin da baƙin salatif. Bayanin da zan yi ya dace da duk motar da ke aiki da batir mai volt 12, wadda aka haɗa kan nagatif ɗinta da jikin mota, kuma ba ta da kwamfuta. Idan motarka ta zamani ce mai jakar iska, kada ka taɓa soket da wayoyi masu launin ɗorawa, kada ma ka ɗora musu mita, domin na jakar iskar ne, kuma tana iya fashewa a fuskar mai aiki.

Ka'idar da zan riƙa komawa kanta ita ce, ba a rufe wayar da ba a gwada ba. Saboda haka aikin lantarki ne farko, aikin kafet da kujeru kuma shi ne ƙarshe.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne mitar awon wuta, wadda take auna volt da amfiya, kuma take yin ƙara idan waya ba ta tsinke ba. Sai fitilar gwaji, wadda za ka iya haɗawa da kanka da kwan fitila na wat 5 da wayoyi biyu. Kana bukatar filayar fere waya, da filayar matse kan waya, da sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, da sifanu daga lamba 8 zuwa 17, da ƙarfen narka dalma idan da hali. Ka tanadi farin salatif na takarda da biro mai kyau saboda rubuta sunan kowace waya, da littafi guda wanda ba za ka rubuta komai a ciki ba sai lissafin wannan mota. Ka kuma ajiye tukunyar kashe gobara kusa da inda kake aiki, ko bokitin yashi idan babu.

A ɓangaren kayan sawa, za ka sayi waya mai silli da yawa ta tagulla a girma daban-daban, wato, a awon faɗin bakin tagullarta (mm²), mai 1mm da 1.5mm da 2.5mm da 4mm, da kuma babbar wayar batir mai 25mm ko 35mm. Sai akwatin fiyus na zamani mai gurbi goma sha biyu ko fiye, da rile (makunnin da wuta ke kunnawa) guda biyar ko shida da soket ɗinsu, da kawunan waya na zobe da na sokawa, da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, da zoben roba na bakin huda, da bututun roba mai tsaga da ake zura damin waya a ciki. A Kano ana samun waɗannan a kasuwar Ƙofar Ruwa, a Kaduna kuma a Panteka.

Ka yi hattara wajen sayen waya, domin a nan ne ake yawan cutar sabon shiga. Akwai wayar da idan ka kalle ta ja ce kamar tagulla, alhali alminiyom ce aka shafa mata tagulla a sama. Ka fere bakinta ka kankare sillin da wuƙa tun a gaban mai shago: idan cikin ya fito fari, ka ajiye masa abarsa, domin ba ta ɗaukar wuta kamar tagulla, kuma tana saurin karyewa a wurin matsi. Haka kuma wayar gida mai silli ɗaya ba ta da wuri a mota ko kaɗan, saboda girgizar hanya za ta karya ta a cikin robarta, inda ido ba zai gani ba.

Na cikin mota kuwa, za ka bukaci kafet, da soso marar shan ruwa na shimfiɗawa a ƙarƙashinsa, da ledar kujera ko yadi, da siririn katako na allon ƙofa, da leda mai kauri, da gam mai jure zafi, da samfefa, da jan fenti mai hana tsatsa, da kwali na fitar da zane.

Ɗan lissafin da ba makawa sai ka sani

Wuta tana fita daga kan fozitif na batir, ta bi ta fiyus, ta bi ta makunni, ta shiga abin da ake son kunnawa, sannan ta koma batir ta jikin ƙarfen mota. Wannan komawar ita masu rewaya ke kira as. Idan kana son sanin wutar da abu yake ja, ka raba wat ɗinsa da 12. Kwan babbar fitila na H4 wat 60 ne a doguwar wuta, 55 a gajera, saboda haka kowane ɗaya yana jan kimanin amfiya 5, biyun kuma amfiya 10.

Fiyus aikinsa kare waya, ba kare fitila ba: ana so ya ƙone kafin waya ta yi zafin da za ta narka robarta. Ni ga ma'aunin da nake bi, kuma na zaɓe shi ne da sassauci saboda zafin ƙasarmu: waya mai 1mm ba na sa mata fiyus da ya wuce amfiya 10, mai 1.5mm ba ya wuce 15, mai 2.5mm ba ya wuce 20, mai 4mm ba ya wuce 30. Fiyus na zamani ana gane shi da launi: ja 10 ne, shuɗi 15, ɗorawa 20, kore 30.

1. Cire batir, sannan ka rubuta komai kafin ka yanke komai

Ka fara kwance kan nagatif, sannan fozitif, ka fitar da batir daga motar gaba ɗaya. Dalilin fara cire nagatif shi ne, idan sifana ta taɓa jikin mota a lokacin da kake kwance shi, babu abin da zai faru, amma da fozitif ka fara, tartsatsin da zai tashi ya isa ya ƙona maka hannu. Ka cire zobe da agogon ƙarfe, kuma kada a kunna ashana ko sigari kusa da batir, domin iskar da yake fitarwa tana kamawa da wuta.

Daga nan sai ka fitar da kujeru, da tsohon kafet, da allunan ƙofofi, da dashbod idan zai fita. Ka ɗauki hoton kowane soket da wayarka ta hannu kafin ka zare shi, ka naɗa masa farin salatif ka rubuta sunansa. Pijo ta saba buga lamba a jikin wayoyinta maimakon dogaro da launi kaɗai, don haka idan lambar tana karantuwa, ka rubuta ta a littafi tare da inda wayar ta fito da inda ta nufa. Notuna da kusoshin kowane sashe ka zuba su a ledarsu daban da takardar suna a ciki, domin aikin nan yana iya ɗaukar makonni, kuma abin da ka tabbata ba za ka manta ba yau, bayan sati uku ya ɓace maka.

2. Yanke shawara: faci ko sabon dami

Ka lanƙwasa tsofaffin wayoyin a wurare da yawa, musamman na kusa da inji. Idan robar tana tsagewa, ko ka fere ka tarar tagullar ta yi baƙi ko kore, to faci ɓata lokaci ne. Idan kuwa damin da ke bayan dashbod yana da laushi, na ɗakin inji ne kawai ya bushe, kana iya sake na ɗakin injin ka bar sauran. Duk inda ka ga an tsallake fiyus an yi dairek, ko an naɗa siririn waya ko takardar gwangwani a gurbin fiyus, ka bi wannan layin daga farko har ƙarshe, domin ba a yin haka sai da wata matsala da aka kasa ganowa.

Idan sabo za ka yi, kada ka yanyanka tsohon damin. Ka zare shi a dunƙule, ka shimfiɗa shi a kan faffaɗan katako, ka kafa kusoshi a duk inda ya yi reshe. Shi ne zai zame maka ma'aunin tsawo. Tsofaffin soket masu kyau ka ajiye su, domin na bayan agogon dashbod da na makunnin sitiyari suna da wuyar samu sababbi.

3. Zana taswirarka

Idan ka samu taswirar wayoyin motar daga littafin gyaranta, madalla. Idan ba ka samu ba, kada ka yi ƙoƙarin zana motar gaba ɗaya a shafi guda. Kowane layi ka ba shi shafinsa: babbar fitila, ƙananan fitilu, tirafiketa, fitilar birki, hon, waifa, fanka, agogunan dashbod, rediyo, cajin batir, kik. A kowane shafi ka rubuta wat, da amfiya, da girman waya, da lambar fiyus.

Sannan ka raba layukan gida biyu. Akwai masu wuta kullum ko an zare makulli, kamar fitilar cikin mota, da fitilun gargaɗi masu ƙiftawa tare, da ƙananan fitilu. Akwai kuma waɗanda sai an murɗa makulli, kamar kwayil mai ba fulogi wuta, da waifa, da agogunan dashbod. A jikin makullai da rile na motocin Turai da yawa za ka ga lambobi da suka nuna haka: 30 wutar batir ce ta kullum, 15 wutar bayan makulli, 31 as, 50 kuma wayar da ke tayar da kik.

4. Manyan wayoyi da as

Wannan matakin shi na fi so ka ɓata wa lokaci, domin mafi yawan abin da mutane ke ɗora wa batir ko altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, rashin as mai kyau ne. Babbar wayar fozitif ta tafi kai tsaye daga batir zuwa kik. Babbar wayar nagatif kuma, mai kauri ɗaya da ita, ta tafi jikin inji, sannan wata ta haɗa batir da jikin mota. Injin yana zaune ne a kan robobi, saboda haka idan babu wayar as mai kauri a jikinsa, wutar kik za ta nemi hanya ta wayar totur ko ta cok, har ka ga tana hayaƙi.

Duk inda za ka ɗaura as, ka goge fenti da tsatsa da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka ɗaura kan waya na zobe da noti da washa, ka matse sosai, sannan ka shafa giris a sama don kada ruwa ya shiga. Ni nakan yi matattarar as huɗu: ɗaya kusa da kowace babbar fitila, ɗaya a bayan dashbod, ɗaya a but saboda fitilun baya. Idan ka taɓa ganin motar da aka taka birki sai tirafiketa ta kama, ko aka kunna tirafiketa duk fitilun baya suna ƙiftawa a dushe, to as ɗin baya ne ya mutu.

Wayar da za ta kai wuta akwatin fiyus ka sa mata babban fiyus nata a kusa da batir, kada tazarar ta wuce taƙi guda. Idan babu shi, wannan wayar ba ta da mai kare ta, kuma ranar da ta goge a jikin ƙarfe, babu abin da zai tsayar da wutar sai gobara.

5. Akwatin fiyus da rile

Ka ɗaura akwatin a inda ruwa ba ya zuwa kuma hannu yana kaiwa cikin duhu, misali a ƙarƙashin dashbod ta gefe. Ka bar gurbi biyu ko uku babu komai saboda abin da za ka ƙara nan gaba.

Rile makunni ne da ƙaramar wuta ke kunna shi domin ya wuce da babba. Yana da ƙafafu masu lamba: 30 daga batir ta hanyar fiyus, 87 zuwa abin da ake kunnawa, 86 daga makunnin da ke hannun direba, 85 zuwa as. A tsofaffin motoci da yawa, wutar babbar fitila gaba ɗaya takan bi ta makunnin sitiyari, shi ya sa yake zafi, fitilar kuma ta yi ja kamar aci-balbal. Ka sa rile ɗaya na gajeriyar wuta, ɗaya na doguwa, ɗaya na hon, ɗaya na fanka idan ta lantarki ce. Na fi son fitilar hagu da ta dama kowace da fiyus ɗinta, domin idan ɗaya ya ƙone da dare a kan babbar hanya, ba za ka faɗa cikin duhu gaba ɗaya ba. Ko da yake lissafi ya nuna waya mai 1.5mm ta isa fitila, ni mai 2.5mm nake ja, saboda hasken ya fito cikakke.

6. Jan wayoyi

Ka ja layi ɗaya, ka gama shi, ka sa masa suna a bakinsa biyu, sannan ka ɗauki na gaba. Kowace waya ka ƙara mata kamar taƙi guda a kan tsawon da ka auna, domin rage doguwa abu ne mai sauƙi, ƙara gajera kuwa yana jawo ɗauri a tsakiyar dami. Idan ba ka samu launuka da yawa ba, ba laifi ka yi aiki da uku ko huɗu, muddin ja na wutar kullum ne, baƙi na as ne, kuma kowace waya tana da lambarta a littafi.

Kada dami ya kusanci bututun hayaƙi, ko bel ɗin fanka, ko sandar sitiyari, ko ƙafafun birki da kuloci. Duk hudar da waya za ta ratsa, musamman ta bangon da ya raba inji da cikin mota, sai an sa mata zoben roba. Idan babu, ka tsaga guntun tiyo na mai ka zagaye bakin hudar da shi. Wayar da ta tsallaka daga jikin mota zuwa inji, ko zuwa ƙofa, ka bar mata ɗan sassauci don ta riƙa motsi ba tare da an ja ta ba. A wannan matakin ka ɗaure damin da 'yan igiyoyin roba kawai, kada ka naɗe shi tukuna.

7. Haɗa bakin waya

Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da salatif ba haɗi ba ne, kuma shi ne abin da na fi cirewa daga tsofaffin motoci. Ka fere roba daidai tsawon bakin kan waya ba tare da ka yanke silli ko ɗaya ba, ka zura robar tsukewa tun kafin ka matse, ka matse da filayar matsi, sannan ka ja da ƙarfi. Idan ya zare a hannunka, gara nan da a kan hanya. Wanda ba shi da filayar matsi yana iya matsewa da filaya ta gama-gari sannan ya ɗiga dalma kaɗan a bakin, amma kada dalmar ta malala cikin wayar, domin inda ta tsaya nan wayar take sandarewa, nan kuma girgiza take karya ta. Robar tsukewa ana gasa ta da iska mai zafi. Idan da laita za ka yi, ka riƙa wucewa da ita daga nesa, kuma ka tabbata babu fetur a kusa.

Abu biyu suna rikita sabon shiga a nan. Fitilar caji ta dashbod, a altaneta da yawa, ita ce ke ba shi wutar farko da zai fara caji, saboda haka idan ka cire kwanta ko ka musanya shi da na LED, batir yana iya daina caji alhali altanetan lafiyarsa ƙalau. Haka na'urar ƙifta tirafiketa ta da, an yi ta ne don kwan wat 21. Idan ka sa na LED, ƙiftawar za ta rikice sai ka sauya na'urar da ta zamani.

8. Ba da wuta karo na farko

Ka cire duk fiyus, ka kashe komai, ka rufe ƙofofi. Ka ɗaura kan fozitif, amma nagatif kada ka ɗaura shi kai tsaye: ka sa kwan fitila na wat 21 tsakanin kan batir da wayar. Sannan ka riƙa mayar da fiyus ɗaya bayan ɗaya kana kallon kwan. Idan ya haska sosai alhali komai a kashe yake, to wuta tana zuba a jikin mota a layin da ka sa wa fiyus yanzu, kuma kwan ya tare ta kafin ta ƙona komai. Kada ka yi ƙoƙarin tayar da inji ta cikin wannan kwan.

Idan komai ya yi shiru, ka ɗaura nagatif, ka gwada kowane layi. Batir mai cikakken caji yana nuna kimanin volt 12.6 a kashe. Idan inji ya tashi, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. Kada ka bi al'adar cire kan batir inji yana aiki don a ga ko altaneta yana caji, domin hakan yana iya kashe altanetan da rediyo, kuma mita ta riga ta ba ka amsa.

Sai gwajin da nake ganin ya fi kowane amfani. Ka kunna babbar fitila, ka ɗora bakin mita ɗaya a kan fozitif na batir, ɗayan a wayar da ta shiga kwan. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta ɓace a hanya. Idan ya wuce rabin volt, akwai haɗi mai sako-sako ko waya ta yi siriri. Ka maimaita tsakanin as ɗin fitilar da nagatif na batir, inda bai kamata ya wuce 0.2 ba. Ka bar fitilu da fanka da waifa a kunne na kimanin minti goma sha biyar, sannan ka bi damin da hannu: duk inda ya yi zafi, akwai gyara. Bayan ka yi kwana biyu ko uku kana zagayawa da motar a haka, sai ka naɗe damin ka zura shi a bututun roba.

9. Ƙasan mota da gwajin ruwa

Kafin ka shimfiɗa komai, ka kankare ƙasan motar, ka duba ƙarƙashin ƙafar direba da ta fasinja da ramin taya na but. Inda ya hude, mai walda ya yi facinsa yanzu, bayan an cire batir, an kawar da damin waya daga wurin, an kuma kiyaye tanki da bututun mai. Ka goge tsatsa ka shafa jan fenti sau biyu. Sannan ka shiga ciki ka rufe ƙofofi, wani ya riƙa kwara ruwa a gilashin gaba da na baya da kan ƙofofi. Duk ɗigon da ka gani yanzu, shi ne warin da za ka sha da damina idan ka rufe shi da kafet.

10. Silin, kafet da allunan ƙofa

Ana farawa daga sama a gangaro ƙasa. Ka tabbata wayar fitilar cikin mota tana wurinta kafin ka sa silin. Idan silin na rataye ne a kan sandunan ƙarfe, ka sa wa sandunan lamba tun lokacin cirewa, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma ka shanya sabon yadin a rana ya yi laushi, ka fara ja daga tsakiya zuwa gefe. Gam ana shafa shi a fuska biyu, a jira ya daina kama yatsa, sannan a haɗa. Ka yi wannan ƙofofi a buɗe, domin warinsa yana juya kai kuma yana kamawa da wuta. Kada ka yi rowa wajen gam ɗin silin, saboda rufin motar da ta wuni a ranar watan Afrilu yana narkar da gam mai araha.

Na kafet, ka fitar da zanen kowane sashe a kwali, ka yanka da ɗan rara, ka daidaita a cikin mota. Kada ka shimfiɗa soson katifa a ƙarƙashi, domin yana riƙe ruwa ya cinye ƙarfe. Gefen direba ka kafe shi sosai, ka taka birki da kuloci da totur har ƙasa ka tabbata babu inda kafet ya tare su.

A nan ne na taɓa yin kuskuren da ya sa nake nanata maganar hoto. Na gama wata 504, na shimfiɗa kafet, ina ɗaura ƙarfen bakin ƙofa sai na sa kusa mai tsawo fiye da ta asali, ta ratsa damin da ke tafiya fitilun baya. Fiyus ya ƙone nan take, kuma shi ya ceci motar, amma sai da na ɗaga sabon kafet ɗin da na manna kafin na gano wurin. Tun daga ranar nake ɗaukar hoton hanyar kowane dami kafin na rufe shi, kuma ba na huda ko'ina sai na duba hoton na kuma leƙa ƙarƙashin motar.

Allon ƙofa ka ɗora tsohon a kan sabon katako ka zana, har da ramukan maƙalai da na hannun gilashi. Ka shafa wa bayan katakon fenti ko banish, ka manna siririn soso da leda a gaba, ka naɗe bakin ta baya. Kafin ka mayar da shi, ka buɗe 'yan ramukan zubar ruwa da ke ƙasan ƙofar, ka sa giris a injin gilashi, sannan ka manna leda mai kauri a jikin ƙofar. Wannan ledar da mutane ke yagewa su yar, ita ce ke hana ruwan da ya bi gilashi jiƙa katakon.

11. Kujeru da bel

Ɗinkin rigar kujera aikin mai kushin ne, kuma shawarata ka kai masa, domin keken ɗinki na gida ba ya iya leda mai kauri. Abin da ya rage naka shi ne ka duba ƙarfen kujerar ko ya tsage, ka sa a sake soson da ya zube, ka wanke layin da kujera ke gudu a kai ka sa masa giris. Ka warware tsohuwar rigar ka ba mai ɗinki a matsayin ma'auni, maimakon ya yi da ka.

Kujera da bel ana ɗaura su ne da notunansu na asali a ramukansu na asali. Bel ɗin da ya zare zare ko rana ta cinye shi, sabo ake sawa, ba a ɗinke shi, kuma idan ƙarfen da ke riƙe notinsa ya yi tsatsa, sai mai walda ya ƙarfafa wurin kafin a ɗaura. Bayan kujeru sun zauna, ka tura su gaba da baya har ƙarshe kana duban ko akwai wayar da suke taɓawa. Sannan ka sake bin layukan lantarki ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ka yi a mataki na takwas, ka rubuta aikin kowane fiyus da amfiyarsa a takarda, ka manna ta a murfin akwatin, ka kuma ajiye fiyus biyu na kowane launi a aljihun dashbod tare da kwafin taswirar da ka zana.